Ku Tambayi Kawu: Baƙi sun sauka a garinmu, geron da muka tara ya ƙare

Jama'a assalamu alaikum. Wannan makon wasiƙu 3 na ɗauko kuma duk maganar baƙunta ce, ta farkon ita ta fi cin wuri don haka masu sauran tambayoyi ku yi min haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Kawu, ya iyali ya ƙoƙari. Ni ne sakataren ƙungiyar matasan garinmu, ƙauye ne a ƙaramar hukumar Ɓaɓura nan Jigawa, ba mu da nisa da boda. Tun bara bayan girbi muke ta samun baƙi, wasu daga wajen Magarya cikin Nijar waɗanda da cin rani kawai suke zuwa su koma amma yanzu sun taho da mata da yara, wasu kuma 'yan ƙasa ne daga Zamfara da 'yan bindiga suka tasa daga garuruwansu. Yanzu gida 9 ne. Mun yi karo-karo har sau biyu mun sai musu gero da tabarmi da sabulu amma wallahi ko sati 2 ba a yi ya ƙare, 'yan ƙungiya sun fara gajiya har wasu na cewa ai mu ma talakawan ne wa ya ba mu. Wasu kuma sun ce mu je mu yi rijista mu zama NGO turawa su dinga turo kuɗi. Dan Allah Kawu ta ina za mu ɓullo wa abin nan?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya saka muku da alheri, matasan da za su cire daga aljihunsu a wannan tsadar su sai wa baƙo gero ba kowane gari ake samunsu ba. Amma bari in faɗa maka gaskiya, gero zai ci gaba da ƙarewa ko buhu nawa kuka tara, kuma 'yan ƙungiyarku da suka gaji ba mugunta ba ce, lissafi ne ya nuna musu ramin ba ya cika. Ka tuna labarin Abdurrahman bin Auf da ya iso Madina hannu rabbana, aka haɗa shi 'yan'uwantaka da Sa'ad bin Rabi'u, Sa'ad ya ce zai raba dukiyarsa biyu ya ba shi rabi, shi kuwa ya yi masa addu'ar albarka ya ce nuna min hanyar kasuwa kawai. Abu biyu ne a labarin nan kuma duk kuna da su a garinku ba sai turawa sun turo ba, an ba baƙo mutum guda takamaimai da zai tsaya masa, sannan an nuna masa inda zai nemi na kansa.

To ku fara da na farkon. Gida 9 ne ko? Ku nemo magidanta 9 a garin, masu mutunci waɗanda in sun yi magana ana ji, kowa a damƙa masa gida ɗaya ya zama mai masaukinsu. Ba ciyar da su aka ce ya yi ba, wannan ku faɗa musu tun farko kar su gudu. Aikinsa shi ne ya kai su gaban mai unguwa da dagaci a san da zamansu, in yaro ba lafiya ya nuna musu asibiti, in an samu saɓani a bakin rijiya ko akuyarsu ta shiga gonar wani shi za a fara nema, in mai shago zai ba su bashin sabulu shi ne shaida. Da haka fa kakanninmu suka yi fatauci har Gwanja, duk zangon da ka sauka akwai mai masauki da zai ajiye maka kaya ya nemo maka mai saye, kuma har gobe in ka je Sabo a Ibadan ko zangon Kumasi za ka tarar akwai sarkin Hausawa da ake kai baƙo wajensa. Birnin Kano kansa ka duba sunayen unguwanni, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi, duk baƙi ne aka saukar suka zama 'yan gari. Mu da 'yan'uwanmu suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, gabas bayan yaƙin Burmi a 1903 har suka kafa garin Mai Wurno a Sudan, ai mun san ɗacin sauka a ƙasar mutane.

Kai su gaban dagaci ɗin nan kar ku ɗauke shi wasa, don na san abin da wasu 'yan garin ke raɗawa ko da ba ka rubuto ba, wai kar a je cikin na Zamfaran akwai infoma. Tsoron ba na banza ba ne a zamanin nan, amma maganinsa a rubuta sunan kowa da garin da ya fito da wanda ya san shi, littafin na hannun mai unguwa, shi kenan mai gaskiya ya samu kariya marar gaskiya kuma ba ya son littafi, da kansa zai ƙara gaba.

Sai maganar takardu, a nan dole ku raba baƙin naku kashi biyu don doka ba ɗaya take kallonsu ba. Na Zamfara 'yan Najeriya ne, sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zuwa ya zauna duk inda yake so a ƙasar nan, ba alfarma ake musu ba. Ku rubuta takarda ta hannun dagaci da hakimi zuwa ƙaramar hukuma da hukumar agajin gaggawa ta jiha wato SEMA, akwai kuma hukumar tarayya mai kula da 'yan gudun hijira da baƙin haure da waɗanda rikici ya raba da gidajensu, NCFRMI, a sanar da su cewa ga mutane nan da adadinsu. Ban ce gobe za ku ga mota da buhuna ba, amma wanda ba a rubuta sunansa ba ko rabon ya zo ba ya ciki. Na Nijar kuwa, tun 1979 yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan yankin damar shiga wata ƙasar yankin ba biza ya yi kwana 90, in zai zarce sai ya nemi takardar zama. Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, amma a lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu ana barinsu suna shige da fice har sai an sake sanarwa. Don haka mai masauki ya raka maigidan ofishin imigireshin mafi kusa da katinsa na Nijar a hannu su ji abin da ake buƙata yanzu daga bakin masu aikin, ya fi a zauna ana ɓoye-ɓoye har ranar da za a tare shi a hanya. Abin da nake roƙonku kar ku yi, kuma na san ana yi a garuruwan boda don tausayi ko don siyasa, shi ne a je a yi ƙarya a karɓo musu takardar 'yan asalin ƙaramar hukuma ko katin zaɓe. Ranar da ta tashi tonuwa baƙon ne zai kwana a ciki, mai unguwar da ya sa hannu ma rawaninsa na iya tafiya.

Yara su ne da sauƙi kuma su aka fi mantawa. Duk jaririn da aka haifa a nan a yi masa takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, rigakafi kyauta ne a asibitin sha-ka-tafi ba a tambayar daga ina ka zo, firamare kuma ɗaya daga cikinku ya ɗauki yaran da kansa ya kai wa hedimasta, don uban da ya zo jiya kunya da tsoro ba za su bar shi ya shiga ofis ba. Yaran Nijar da suka fara lakwal, wato makarantar boko, a can da Faransanci suka fara, sai a yi haƙuri da su ko an mayar da su aji na baya, in akwai mai NCE da ke zaune a ƙungiyarku ba aiki ya dinga zama da su da yamma bayan islamiyya, ai shi ma ya samu abin yi.

Yanzu hanyar kasuwa. A ƙauye kasuwar baƙo gona ce, kuma a nan ake yawan ɓatawa. Mutum zai ba baƙo aron gonar da ta gaji, baƙo ya kwashe rani yana jidar taki a ka yana zubawa, damina ɗaya gona ta yi kyau sai mai ita ya ce ɗana zai yi aure ina son abata. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba. In za a ba da aro a yi shi gaban mai unguwa da shaidu 2, a rubuta damina nawa, ni dai ina ganin kar ta gaza 3, a rubuta ko akwai abin da zai dinga bayarwa bayan girbi, a kuma faɗa masa kar ya dasa itace don kar gobe 'ya'yan mai gona su ce yana neman mallakewa. Takarda ɗaya ce ta littafin makaranta amma tana hana shari'ar shekara 10. Da rani kuma mazan ga kasuwar dabbobi ta Maigatari duk Alhamis, mutanen Nijar da yawa sun san dabba fiye da mu, wanda ya samu dillalin da zai tsaya masa ba zai rasa na cefane ba, ga aikin noman rani a Kadawa da Kura da wajen Auyo da Haɗeja lokacin dashen shinkafa da tsinkar tumatir. Matan kuwa ku bar wa matan garin, a saka su a adashi, wadda ta iya ƙuli-ƙuli ko awara ko saƙar tabarma a ba ta jarin kwano 2 ko 3 na gyaɗa ko waken suya. Kuma kuɗin karo-karonku na gaba kar ku sai gero da shi, ku mai da shi jari mai juyawa, bashi ba ruwa, wannan ta biya a ba waccan. Tsofaffi da marasa lafiya da marayu su kam ciyarwa ce, kuma wannan ku je wajen liman, zakkar hatsi ɗaya bisa 10 ce ga noman damina, ɗaya bisa 20 ga wanda aka sha wahalar ban ruwa, aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa masu cin zakka 8 har da matafiyin da guzuri ya yanke masa, in manoman garin suka fitar da ita a tsari aka tara wuri guda za ka sha mamaki.

Masu cewa mu ma talakawa ne kuma ku saurare su da kyau, don suna da gaskiya. Duk abin da za ku raba, jari ne ko hatsi, ku sa zawarawa da marasa ƙarfin garin a ciki, in an ba baƙuwa ɗaya a ba 'yar gari ɗaya. In ba haka ba ku da kanku za ku haifar wa baƙin nan ƙiyayyar da ba su ji ba ba su gani ba.

Batun zama NGO, hmm. Rijista da hukumar rijistar kamfanoni da ƙungiyoyi wato CAC a matsayin amintattu abu ne mai kyau amma akwai kuɗin lauya da buga sanarwa a jarida da rahoton da za ku dinga kaiwa duk shekara, kuma satifiket ɗin ba ya kiran kuɗi, ƙungiyoyi nawa ne ke da shi a jaka ya yi ƙura. Masu ba da tallafi abin da suke fara tambaya shi ne me kuka yi da naku, ina littafin. Ku fara yin rijista a sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, ku buɗe asusun banki da sai mutum 2 ko 3 sun sa hannu kuɗi ke fita, ma'aji daban sakatare daban, duk wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa. In kun yi shekara 2 a haka sai a yi maganar CAC. Kuma dan Allah in za ku ba mutum kwanon gero ku ajiye waya, ba sai an ɗora hoton matar mutane a Facebook tana miƙa hannu ba.

TAMBAYA: Kawun yara ina wuni. Ni uwa ce daga wani ƙauye a ƙasar Dambatta, jikata ce ke rubuta min. Ɗana na biyu yana Amurka a birnin New York shekara ɗaya da rabi kenan. Yana gaya min wai akwai wata ƙungiya da ke koya masa turanci da daddare, sun ba shi rigunan sanyi, sun haɗa shi da lauya kan takardunsa, kuma wai duk kyauta. Ni hankalina bai kwanta ba don ruwa ba ya tsami banza, kuma ya ce wani lokacin a ginin coci ake karatun. Kar su canja masa addini ko nan gaba su ce ya biya.

AMSA: Hajiya lafiya lau, Allah ya ƙara girma, a gai da jikar taki mai rubutu. Ki kwantar da hankalinki, abin da ɗanki ya faɗa miki haka yake, kuma ba shi kaɗai ake yi wa ba. A can akwai ƙungiyoyin da doka ta yi musu rijista a kan ba riba suke nema ba, gwamnati ta yafe musu haraji, wanda ya ba su gudummawa shi ma ana rage masa nasa harajin, to kin ga inda ruwan ya yi tsami, kuɗin daga masu hannu da shuni da gidauniyoyi da majami'u da masallatai yake fitowa, wani kuma gwamnatin birni ko ta jiha ce ke ba su kwangilar aikin. Ma'aikatansu albashi suke ɗauka, wasu kuma 'yan sa kai ne, tsofaffin malaman makaranta da ɗalibai. Ba bashi ba ne, ba wanda zai biyo shi ko ya biyo ki.

Wasunsu sun tsufa sosai. International Rescue Committee tun 1933 take, kuma ita ɗin ce dai ke aiki a Borno da Yobe wajen 'yan gudun hijirarmu. A unguwar Harlem cikin New York ɗin akwai African Services Committee da 'yan gudun hijirar Habasha suka kafa a 1981 don baƙi 'yan Afirka. Akwai na Kiristoci irin Catholic Charities, akwai na Musulmi irin ICNA Relief, har ɗakunan karatu na gwamnati suna koyar da turanci kyauta. Ginin coci kuwa sau da yawa aron ɗaki ne kawai don haya a birnin nan ba a magana, a ajin za ki samu ɗan Senegal da ɗan Yaman da ɗan Bangaladash duk Musulmi, kuma wadda ke karɓar kuɗin gwamnati doka ba ta yarda ta ce sai ka shiga addininta za ta taimake ka ba. In dai ya ga ana matsa masa da wa'azi sai ya canja wuri, suna da yawa.

Ni abin da zan ce ki ja masa kunne a kai daban ne. Na ɗaya maganar lauyan nan ya riƙe ta da kyau, dokokin baƙi a Amurka sun ƙara tsauri tun farkon 2025, kuma akwai 'yan damfara, wasu ma 'yan'uwanmu ne baƙaƙe, da ke karɓar dala su cike wa mutum fom da labarin ƙarya, ƙarya ɗaya a takardar shige da fice tana iya rufe masa ƙofa har abada. Lauya na gaske ko wakilin ƙungiyar da ma'aikatar shari'a ta amince da shi kawai zai bi, kar ya sa hannu a abin da bai gane ba, ya ce a kawo tafinta, kuma duk takardar da ya bayar ya riƙe kwafi. Na biyu ya nemi jama'arsa, unguwar Bronx cike take da mutanen Afirka ta Yamma da masallatansu, Hausawan Ghana da na Nijar da namu, ga ƙungiyar Zumunta ta 'yan arewacin Najeriya mazauna Amurka. Ƙungiyar turawa za ta koya masa turanci amma ranar da ya kwanta ciwo ko azumi ya zo, waɗannan ne za su leƙo shi. Ke kuma Hajiya, kar ki ga laifina, a ɗan rage masa yawan bugun waya ana a turo a turo, mai shekara ɗaya da rabi a can ko haya bai gama sabawa da ita ba.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni matashi ne daga wajen Ringim, na gama sakandare ba aiki. A wani guruf na WhatsApp wani ya ce shi wakilin wata NGO ce da ke kai mutane Kanada da Amurka a matsayin 'yan gudun hijira, kuɗin fom dubu 45, wai har da biza lotiri suna yi. Ina da tunkiya ɗaya da nake tunanin sayarwa. In biya?

AMSA: Kar ka biya ɗana, bar tunkiyarka ta haihu. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ba ta karɓar ko sisi a kan rijista ko kai mutum wata ƙasa, kuma wanda ake kaiwa sai wanda ya riga ya gudu daga ƙasarsa yana zaune a wata a matsayin ɗan gudun hijira, su ɗin ma ko kashi 1 cikin 100 ba sa samu. Kai kana Ringim a gidan babanka, ta ina ka shiga layin? Biza lotirin Amurka kuma tun 2013 aka cire Najeriya daga ƙasashen da ke shiga saboda 'yan ƙasar da suka riga suka je sun yi yawa, wanda ya ce zai cike maka ko bai sani ba ko ya sani sarai. Irin waɗannan in an biya na fom sai a ce na gwajin lafiya, sai na tikiti, wasu ma ƙarshenta a ce a fara bi ta Agadas, kuma tun 2017 hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya wato IOM ke ta kwaso dubban 'yan Najeriya daga Libya da suka tafi da irin wannan alkawarin. Ka ɗauki hoton saƙonnin nasa da lambar asusun da ya turo kafin ya goge, ka kai wa 'yan sanda ko ofishin NAPTIP masu yaƙi da safarar mutane, suna da ofis a Kano, sannan ka faɗa wa sauran 'yan guruf ɗin ko da admin zai cire ka.